Karta tsakanin abokai a Amurka: yaushe take zama laifi?

A Amurka babu doka guda da ta shafi kartar gida. Kowace jaha da tata, wani lokaci ma kowane gari da nasa tsari. Hukuma tana kiran wasa caca idan ya haɗa abu uku: an zuba kuɗi, sa'a tana da hannu, akwai abin da za a ci. Kartar da ba a sa ko sisi ba, babu ruwan doka da ita.

Jahohi da dama suna ƙyale abokai su yi ta kuɗi bisa sharaɗi. A Texas, dole wurin ya zama na mutum ne, ba na jama'a ba, kada kowa ya samu wani abu ban da abin da ya ci a wasan, kuma kowa ya shiga da dama iri ɗaya. A Florida, abin da mutum zai ci a zagaye guda kada ya wuce dalar Amurka 10. Hawaii ta hana gidajen caca, amma ta bar ta abokai muddin ba a otel, mashaya ko fili na jama'a ba ne. A Oregon, hukumar gari ce ke ba da izinin yin ta a kulob ko wurin kasuwanci. Utah kuwa ba ta bar ko ɗaya ba.

Abin da ya fi jawo kamu shi ne la'ada. Da zarar mai gida ya fara yankar wani abu daga kuɗin tsakiya, ko karɓar kuɗin shiga, ya zama mai gidan caca. Dokar tarayya ta 1970 tana shigowa idan harkar ta saɓa wa dokar jaha, mutum 5 ko fiye ke tafiyar da ita, kuma ta haura kwana 30 ko ta tara dala 2,000 a rana guda.

Wannan ya shafi ƴan Nijar mazauna can. A New York doka tana bin mai shirya cacar ne, ba mai wasa ba. Amma a Greensboro, cikin Carolina ta Arewa, mai wasan kansa ya yi laifi, kuma a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta jahar ta yanke cewa poker wasan sa'a ne. Kafin a raba karta, a fara sanin dokar jahar da ake zaune.