Tsaftace Ruwan Sha a Gona da Lokacin Ambaliya

Ɗan'uwa manomi, idan ambaliya ta shigo gari, kamar yadda aka gani a Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwan masai kan haɗe da na rijiya. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Haka ma ruwan rafi ko kududdufi da ake sha a gona. Ganin ruwa garai-garai ba ya nufin babu cuta a ciki.

Aiki biyu ne, kada ka haɗa su: kwantar da laka daban, kashe ƙwayoyin cuta daban.

Fara da tace ruwan da ƙyalle mai tsafta. In har yanzu da dauɗa, ɓare busasshen irin zogale, ka daka shi ya yi laushi, kamar ƙwara ɗaya ga lita ɗaya. Dama da ɗan ruwa, zuba, juya sosai, ka bar shi awa ɗaya zuwa biyu, sannan ka tsiyaye na sama. Alif ma yana wannan aikin. Amma fa a nan mutane da yawa ke tsayawa, alhali zogale da alif ba su gama da cutar ba.

Tafasawa ta fi komai tabbas: ya tafasa sosai na minti ɗaya. Sai dai a sansanin gudun hijira itace na wahala. Shi ya sa na fi ba ƙungiyoyin manoma shawarar su sayi ƙwayar kulorin irin Aquatabs tun kafin damina, su raba wa mambobi. Tana shiga aljihu. Girmanta kala-kala ne, don haka duba fakiti ka ga lita nawa take ɗauka. Jefa a jarka, rufe, jira minti 30. Ɗan warin da za ka ji ba matsala ba ne.

Babu ko ɗaya? Cika gorar roba fara, wadda ba ta wuce lita 2 ba, ka kwantar da ita kan kwano a rana awa 6. In da hadari sosai, kwana biyu. Ruwa mai laka ba ya yi.

Duk waɗannan ba sa cire maganin feshi ko taki. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ciyawa kada ta ɗauki ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta. Randa kuma a rufe, a ware mata moɗa guda, yara su daina tsoma hannu.