Shekara takwas na APP da ANPP a ƙasar Haɗejiya

Da soja suka miƙa mulki a 1999, jam'iyyar APP ta ci jihohi 9, Jigawa na cikinsu, Ibrahim Saminu Turaki ɗan Kazaure ya zama gwamna. A lokacin ba wanda ke kiranta jam'iyyar addini. Taron manyan 'yan siyasa ce masu ra'ayin riƙau, har ma a zaɓen shugaban ƙasa ta haɗa kai da AD ta ƙasar Yarbawa suka tsayar da Olu Falae, Umaru Shinkafi na mara masa baya.

Gusau ce ta sauya mata kama. Ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamnan APP Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, guguwar ta taso gabas, Jigawa ta bi sahu a watan Agustan 2000. Malaman Izala da na ɗariƙu, waɗanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna, suka tsaya a sahu ɗaya kan wannan buƙata. Gwamnonin PDP ma, irin su Kwankwaso a Kano da 'Yar'aduwa a Katsina, sun ƙaddamar da ita, amma talaka ya riga ya san inda aka fara. A Haɗejiya, garin da har gobe ake tuna Sarki Muhammadu Mai Shahada da Turawa suka kashe a 1906, kira irin wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Ribar ta fito a 2003. Jam'iyyar ta koma ANPP, ta tsayar da Janar Muhammadu Buhari takarar shugaban ƙasa, ta riƙe Jigawa, ta kuma ƙwace Kano ta hannun Malam Ibrahim Shekarau, duk da cewa jihohinta sun ragu zuwa 7. Ƙasar Haɗejiya, mai ƙananan hukumomi 8, ta samu kujerar mataimakin gwamna ta hannun Ibrahim Hassan Haɗejiya.

Sai dai a waɗannan shekarun manomin Auyo da masuncin Guri da Kiri Kasamma wata damuwa ce ke hana su barci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya ya daina cika da janyewa a kan lokacinsa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gonar shinkafa ta koma tafki, wata kuma ta bushe ƙurmus. Ambaliyar 2001 ta ci gidaje da amfanin gona. A ganina nan ne ƙawancen jam'iyyar da malamai ya gaza mutanen fadama: ya karɓi ƙuri'arsu da sunan adalci, bai mayar da maganar ruwa babbar magana ba, alhali haƙƙin manomi a kan gonarsa shi ma hukuncin shari'a ne.

Rushewar ba ta ɗauki lokaci ba. A 2006 Saminu Turaki ya sauya sheƙa zuwa PDP da jama'arsa, sai ta bayyana cewa a hannun gwamna jam'iyyar take, ba a hannun malamai ba. Sule Lamido, wanda ya taso a PRP ta Malam Aminu Kano, ya ci zaɓen gwamna na 2007. Buhari ya koma CPC, abin da ya rage na ANPP ya narke cikin APC a 2013, kuma a inuwar APC ɗin ne masarautar Haɗejiya ta samu gwamna a 2023, Umar Namadi na Kafin Hausa.