Labarin Gadar Kebek da Amanar Magina

Bismillahi. Bayan haka, wannan labarin wata gada ce ta ƙarfe bisa kogin San Loran, kusa da birnin Kebek, cikin ƙasar Kanada.

Ku sani, ya 'yan'uwa, babban mai duban aikin sunansa Theodore Cooper. Gwani ne, amma tsufa da ciwo suka zaunar da shi a birnin Niyok, nesa da kogin. Shi ya ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, ba a kuwa sake lissafin nauyin ƙarfe ba. Da kuskure ya bayyana, aiki ya yi nisa, sai ya ce gada za ta ɗauka.

Cikin Agusta 1907 aka ga ƙarafan gindi suna lanƙwashewa. Wani saurayi mai duban aiki ya tafi ya gaya masa. Ya buga waya, ya ce kada a ƙara kaya. Saƙo bai kai ga ma'aikata ba. Ran 29 ga wata, da yamma, gada ta ruguje. Mutum 75 suka mutu, 33 'yan ƙabilar Mohok ne, mutanen gari ɗaya. Masu bincike suka ɗora kuskuren bisa Cooper da mai zanen gadar.

Aka sake gini. A 1916 tsakiyarta ta faɗi ana ɗagawa, 13 suka mutu. Aka gama a 1917.

Tun 1925 injiniyoyin Kanada suna ɗaukar alkawari, su sa zoben ƙarfe a ƙaramin yatsa, don su tuna rayukan mutane amana ne a hannunsu.

Allah shi tsare matafiya. Tamat.