Harsashin farauta a dazukan arewacin Kamaru: wane ya dace da wace dabba

Daga watan Disamba zuwa Mayu, bayan ciyawa ta bushe an ƙona ta, ake buɗe farautar manyan namun daji a jihar Arewa ta Kamaru, wadda Garwa ce hedikwatarta. Ba a harbi a cikin gandun dajin ƙasa guda uku na yankin, wato Binuwai da Buba Njidda, waɗanda suka sami wannan matsayi a 1968, da Faro da ya biyo baya a 1980. Farautar ana yin ta ne a filayen da ke kewaye da su, da ake kira ZIC, waɗanda ma'aikatar gandun daji da namun dawa, MINFOF, ke bayarwa haya ga jagororin farauta, tare da ƙayyade yawan dabbobin da za a harba kowace shekara. Mai lasisi a nan ba zai rasa tambayar da maharba ke musu a kanta ba: wane harsashi zai sa a bindiga?

Yawancin harsasan da ke kasuwa an ƙera su ne saboda barewar Turai da Amurka, mai ƙaho kamar reshen itace da ke zubewa kowace shekara. Irin wannan babu ita a kudu da Sahara. Abin da ke dajin Binuwai da Faro shi ne gada da batsiya, waɗanda da wuya su wuce kilo 20, da mazo, da kwanta-rafi, da mariya da namijinta ke kaiwa kilo 100, sai kanki da gwambaza, sai gwanki mai kusan kilo 300. A samansu duka akwai wadda Fulani ke kira yamusa, babbar dabbar da ke jawo maharba daga Turai zuwa Garwa. Ƙaton namijinta kan kusanci kilo 1,000. Harsashin da ya isa barewar Faransa yana iya isar mariya, amma a jikin gwanki ko yamusa labari ya sha bamban.

Abin da harsashi ke yi a jikin dabba

Mutane sun fi kallon lambar bakin bindiga, alhali ƙirar harsashin ce ke yanke hukunci. Aiki biyu ake nema a gare shi, kuma kowane yana cin ɗan'uwansa. Na farko, ya buɗe kai kamar lema da zarar ya shiga nama, don ya yi rauni mai faɗi. Na biyu, ya nutsa har ya kai huhu da zuciya, ko da ya ci karo da ƙashin kafaɗa. Wanda ya buɗe da wuri sosai yakan tarwatse kafin ya isa ciki. Dabbar ta gudu da mummunan rauni a tsoka, ta yi kwanaki kafin ta mutu. Wanda bai buɗe ba kuwa sai ya ratsa kamar tsinke, ya bar ƙaramar ƙofa da jini kaɗan, masu bin sawu su yi ta wahala a busasshiyar ƙasa. Dabbar da aka raunata ta ɓace ana lissafa ta a kason maharbin, kuma sai ya biya kuɗinta. Idan ɓauna ce, ran masu bin sawun ne ke cikin haɗari.

Mafi tsufa kuma mafi araha shi ne harsashi mai cikin dalma da rigar jan ƙarfe, da ɗan kan dalma a waje. Yana buɗewa da sauri, kuma ga mazo ko mariya da aka samu a haƙarƙari babu abin kushewa a cikinsa. Aibinsa yana fitowa ne idan gudu ya yi yawa ko ƙashi ya yi kauri: rigar ta rabu da dalmar, kowanne ya kama gabansa.

Wannan matsala ce ta sa wani Ba'amurke, John Nosler, ya fito da harsashin Partition a 1948, bayan harsasansa sun kasa nutsawa a jikin wata ƙatuwar dabba a Kanada. Ya raba cikin harsashin gida biyu da katangar ƙarfe: gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da tafiya. Daga baya aka zo da waɗanda ake narka dalmar ta manne da rigar, irin su Swift A-Frame da Norma Oryx, waɗanda kan riƙe mafi yawan nauyinsu bayan sun fasa ƙashi. Sai kuma na jan ƙarfe zalla, babu dalma ko kaɗan, da kamfanin Barnes ya fara sayarwa a 1989 ya kuma gyara a 2003 da sunan TSX. Kansa kan tsage gida huɗu, ya nutsa sosai, sau da yawa ya fita ta ɗaya gefen. Sharaɗinsa gudu: idan nisa ya rage masa ƙarfi ba ya buɗewa yadda ya kamata. A dajin arewacin Kamaru wannan bai cika zama damuwa ba, domin bishiyoyi ba sa barin a hango dabba daga nesa ƙwarai.

Akwai kuma dunƙulallen harsashi da ba ya buɗewa sam. Na giwa ne da dorina, da harbi na biyu a kan ɓauna. Abin mamaki, shi ne kuma jagorori ke ba wa mai babbar bindiga idan zai harbi gada, saboda harsashi mai buɗewa zai yi kaca-kaca da ita.

Bindiga ɗaya, dabbobi da yawa

Maharbi da ya bi sawun yamusa tun asuba bai san abin da zai tarar a hanya ba, kuma bindiga ɗaya ce a hannunsa. Shi ya sa jagorori da yawa ke ba da shawarar .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912: harsashi mai nauyin giram 19 da ɗoriya, yana fita da gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa. Kusa da shi akwai 9.3x62 na Bajamushe Otto Bock, na 1905, mai giram 18.5 da ɗan sauƙin duka a kafaɗa. Ga mariya da kanki, 7x64 ko .270 sun wadatar, muddin harsashin mai ƙwari ne. Ƙa'idar ita ce a zaɓi harsashi gwargwadon babbar dabbar da ke cikin lasisi. Mai ƙwari yana kashe ƙaramar dabba lafiya lau, har ma ya fi barin nama. Mai taushi ba ya yi wa babba adalci.

A kula da rubutun kwali. Harufan "gr" a kwalayen Amurka ba giram ba ne, wani ma'auni ne da 15 da ɗoriya nasa ke yin giram ɗaya. "300 gr" shi ne giram 19 ɗin da aka ambata. Haka nan harsasai biyu masu nauyi ɗaya daga kamfanoni dabam ba lallai su faɗa wuri guda ba, don haka ake gwada saiti a sansani kafin a shiga daji. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a Garwa, yana ƙara wa albarushi ƙarfi, kuma ba a barin harsasai a rana a gaban mota. Maganar da ake yi cewa harsashi mai nauyi yana ratsa rassa ba ya kaucewa ba ta da tushe. Ko karan ciyawa mai kauri yana iya karkatar da shi.

Dokar gandun daji ta 1994 ta haramta farauta da makamai da harsasan yaƙi, da bindigar da ke sakin harsashi fiye da ɗaya a jan kunama guda, da harsashi mai fashewa, da bindigar toka. An sake dokar a Yulin 2024, saboda haka ofishin MINFOF na Garwa ne wurin tabbatar da sharuɗɗan yanzu. Lasisin bindiga na Najeriya ko Cadi ba ya aiki a wannan gefen iyaka.

Dalma a tukunya

Naman da aka harbo a ZIC ba ya bin baƙo zuwa Turai. Ma'aikatan sansani da mutanen ƙauyukan kusa ne ke ci. Hoton asibiti na dabbobin da aka harba da harsashin dalma yana nuna ɗaruruwan ɓurɓushi da ido ba ya gani, wasu nesa da ramin harsashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba shi da illa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ta fi yi wa lahani. Wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010 ya san sunan wannan guba, ko da yake abin da ke cikin nama bai kama ƙafar na ƙurar ma'adinai ba. Ungulaye da ke cin kayan cikin da aka bari a daji su ma suna haɗiye ta.

Mai amfani da harsashin dalma sai ya yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ya binne, kada ya jefa wa kare ko ya sa a miya. Harsashin jan ƙarfe zalla ya fi tsada, amma ba ya barin wannan ɓurɓushi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma tun Yulin 2019, Danmak kuma ta bi sahu a Afrilun 2024.