Wa Ake Tambaya a Cikin Taro? Nazari a kan Zanga-zangar Landan ta 27 ga Oktoba, 1968

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da ke damun duk mai nazarin tarihin siyasa, watau yadda muryar mutanen da suka fito kan titi zanga-zanga take isowa gare mu. Shugabannin ƙungiyoyi sukan bar jawabai da littattafai, hukuma takan bar rahotanni, amma dubban mutanen da suka cika titi, da zarar rana ta faɗi sai kowa ya kama gabansa, ba a sake jin ɗuriyarsu. Abin da yake rage mana daga bakinsu shi ne ɗan abin da wani ya tsayar da su ya tambaya, sa'an nan ya rubuta. Ra'ayin da muke son karewa shi ne, wanda ya zaɓi mutumin da za a tambaya, ya kuma tsara tambayar, ya riga ya rubuta rabin tarihin tun ba a ba shi amsa ba. Za mu kafa hujja da zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da aka yi a Landan ran Lahadi, 27 ga Oktoba, 1968, domin kuwa a wannan rana masu tambaya iri biyu suka shiga taro ɗaya, 'yan jarida da masu bincike, suka fito da labari biyu.

Kafin mu isa can, ya kamata mu tuna cewa tambayar mai zanga-zanga ba tsohuwar al'ada ba ce. A shekarar 1895 wani Bafaranshe, Gustave Le Bon, ya wallafa littafinsa a kan halayyar taron jama'a, inda ya nuna cewa mutum in ya shiga taro hankalinsa yakan gushe, ya koma bin zugar na kusa da shi. Wanda ya yarda da wannan kuwa ba shi da dalilin tambayar kowa kome, tun da ba a neman hujja wurin wanda aka ɗauka ba ya cikin hayyacinsa. Sai a 1959 George Rudé ya fito da littafinsa, The Crowd in the French Revolution, wanda ya bi takardun 'yan sandan Paris da jerin sunayen waɗanda suka afka wa kurkukun Bastille ran 14 ga Yuli, 1789. Ya tarar yawancinsu masu sana'a ne da ke da gida da adireshi, kafintoci da maƙeran makulli da masu ɗinkin takalma, ba 'yan iskan gari da aka daɗe ana faɗa ba. To, amma galibin waɗanda Rudé ya ji maganarsu a gaban ɗan sanda suka yi ta, bayan an kama su, kuma wanda ke hannu yakan faɗi abin da zai fisshe shi ne. Mu da muka saba da fayilolin Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna mun san irin wannan shaida, inda maganar talaka take ratsa bakin tafinta da alƙalamin Di'o kafin ta zo hannunmu.

Tambayar da aka yi tun kafin ranar

A 1968 yaƙin Biyetnam ya kai wani matsayi, musamman bayan farmakin Tet na ƙarshen Janairu. Gwamnatin Leba ta Harold Wilson ta ƙi aika sojan Birtaniya fagen yaƙin, amma ba ta janye goyon bayanta ga Amurka ba, abin da ya ɓata wa matasa da yawa rai. Ran 17 ga Maris aka yi taro a dandalin Trafalgar, daga nan jama'a suka nufi dandalin Grosvenor inda ofishin jakadancin Amurka yake a lokacin. Aka yi arangama da 'yan sanda, har da na kan dawaki, aka kama mutum fiye da 200. A watan Mayu kuma ɗalibai da ma'aikata suka tsayar da Faransa cik. Saboda haka, ko da ƙungiyar Vietnam Solidarity Campaign, wadda Tariq Ali yake cikin jagororinta, ta sa ranar 27 ga Oktoba don wani babban maci, jaridun Ingila sun riga sun san labarin da suke jira.

A farkon Satumba jaridar The Times ta buga a shafinta na farko cewa ana fargabar wasu masu tsattsauran ra'ayi suna shirin ƙwace muhimman gine-gine a Landan ranar macin. Sauran jaridu suka ɗauka, suka yi ta juya maganar har makonni. Daga nan tambaya ta zama ɗaya tak, wadda ake yi wa duk wanda aka samu: za a yi tashin hankali ko ba za a yi ba? Masu shirya macin sun sha faɗin cewa tafiya za a yi cikin lumana, kuma ba za a bi ta dandalin Grosvenor ba, amma ko wannan amsa sai ta zama wani sabon labari a kan tashin hankalin. Mutumin da aka ce masa, za ku yi faɗa, in ya ce i ya shiga uku, in ya ce a'a gobe a buga cewa ya musanta, mai karatu kuwa abin da zai riƙe shi ne kalmar faɗa. Maganar Biyetnam ɗin kanta, da matsayin gwamnatin Wilson a kanta, da ƙyar ta sami wurin zama. Har wa yau, an takura tambayar ga mutane ƙalilan, musamman Tariq Ali, wanda aka riƙa nanata cewa haifaffen Fakistan ne, don a nuna cewa fitinar baƙuwa ce. An matsa wa Ministan Harkokin Cikin Gida, James Callaghan, ya hana macin, ya ƙi.

Da ranar ta zo, jama'a suka taso daga bakin kogin Thames, suka ratsa Fleet Street, titin da manyan jaridu suke a wancan zamani, suka bi ta Whitehall aka miƙa takardar koke a gidan Firayim Minista, aka ƙare a filin Hyde Park da jawabai. Ƙididdigar mahalarta ta sha bamban, daga 25,000 zuwa 100,000, gwargwadon wanda ya yi ƙidayar. Wani ɓangare na 'yan dubbai, wanda mabiya aƙidar Mao suka ja, ya ware ya tafi dandalin Grosvenor, aka yi ture-ture da 'yan sanda. Waɗanda aka kama ba su kai ko kusa da na watan Maris ba. Amma da gari ya waye, hoton da ya mamaye shafin farko na yawancin jaridu shi ne na wani ɗan sanda da aka hamɓara a fuska a can Grosvenor.

Malamai uku na Jami'ar Leicester, James Halloran da Philip Elliott da Graham Murdock, sun bi wannan al'amari daki-daki a littafinsu, Demonstrations and Communication, na 1970. Sun karanta jaridun makonnin da suka gabaci macin, sun sa mutanensu a ɗakunan labarai da cikin taron. Abin da suka gano shi ne ba sai an haɗa baki ko an shirya ƙarya ba. Ɗan jarida yana neman abin da ya faru yau wanda zai dace da abin da aka buga jiya, mai ɗaukar hoto kuma yana tsayawa inda yake zaton abu zai faru. Tun da an yi makonni ana cewa Grosvenor ce matattarar fitina, can aka kai kyamarori, can kuma aka samo abin da aka je nema. Mu a ganinmu wannan ya fi ƙarya haɗari ga mai nazarin tarihi, domin ƙarya ana iya kama ta, amma a nan kowace jimla gaskiya ce: an hamɓari ɗan sandan, an kuwa ɗauki hoton. Zaɓin ne ya karkace.

Masu takarda da fensir

A cikin wannan taro kuma akwai wasu masu tambaya na daban. Mujallar New Society, wadda Paul Barker yake wa edita, ta aika mutane da takardun tambayoyi suka shiga cikin masu macin, ta buga sakamakon ran 31 ga Oktoba. Ba su ne farau ba, don kuwa Frank Parkin ya riga ya tambayi matasa masu macin ƙin makaman nukiliya a 1965, ya fito da littafinsa, Middle Class Radicalism, a 1968. Waɗanda mujallar ta tambaya ba su kai 300 ba. Galibinsu matasa ne, ɗalibai sun fi yawa, kuma da aka tambaye su me suka fito nuna ƙinsa, bayan manufar Amurka a Biyetnam, fiye da rabinsu suka ambaci tsarin jari-hujja baki ɗaya da yadda al'ummar Birtaniya take a tsare.

Wannan ƙaramin bincike ya gaya mana abin da dukan kanun labaran makon ba su faɗa ba, watau su wane ne a kan titin, me kuma ya fito da su. Ya kuma ɓata wa ɓangarori biyu lissafi. Masu cewa baƙi ne 'yan tayar da zaune tsaye sun tarar da 'ya'yan ƙasa masu ilimi, masu shirya macin da ke burin ganin ma'aikatan masana'antu a bayansu kuma sun tarar da 'yan makaranta.

Duk da haka kada mu yi saurin rungumar alƙaluman. Mutum 300 a cikin dubun dubata, yaya aka zaɓe su? Taron maci ba kamar hatsi a buhu yake ba, da za a ɗebi tafi ɗaya a ce an san sauran. Kowace ƙungiya tana tafe ne a bayan tutarta, 'yan ƙwadago a nan, ɗaliban jami'a kaza a can, masu zafin kai a gaba, masu goyo da tsofaffi a gefe ko a baya. Wanda ya tsaya a wuri ɗaya, ƙungiya ɗaya ya ji. Sa'an nan ita kanta takardar, in an jera wa mutum dalilai an ce ya zaɓa, ba wuya ya amsa da i ga jari-hujja alhali abokansa suna tsaye suna sauraro, ana ta rera taken da ke faɗin haka. Mai yiwuwa da an same shi a ɗakinsa bayan mako guda, da wata amsar zai bayar. Ba mu ce amsar titi ƙarya ba ce, sai dai a rubuta ta tare da wurin da aka ba da ita, kamar yadda mai tattara tarihin baka yake rubuta ko a fada ya ji labari ko a zaure.

Raba mai zaɓe da mai tambaya

An daɗe kafin a sami maganin matsalar zaɓe. Babban gwaji ya zo ne ran 15 ga Fabrairu, 2003, lokacin da miliyoyin mutane suka fito a birane da dama na duniya don ƙin yaƙin da Amurka da Birtaniya ke shirin ƙaddamarwa a kan Iraƙi. Wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Stefaan Walgrave na Jami'ar Antwerp, suka shirya tambayoyi iri ɗaya aka raba a ƙasashe takwas: Amurka, Birtaniya, Spaniya, Italiya, Holan, Suwidin, Beljiyam da Jamus. Takardun da aka cike aka mayar sun kusa 6,000, aka kuma wallafa sakamakon a 2010 a littafin The World Says No to War, wanda Walgrave da Dieter Rucht suka tace.

Dabarar da wannan rukuni ya riƙa kyautatawa, a wannan rana da kuma bayanta, mai sauƙin faɗi ce. An lura cewa mai tambaya in an bar shi da kansa, wanda ya yi kama da shi yake tunkara, sa'ansa a shekaru, mai sakin fuska, wanda ba zai gwale shi ba. Don haka sai aka karɓe zaɓin daga hannunsa. Wani jami'i ne dabam yake ƙidaya sahun masu maci, ya tsallake adadin da aka ƙayyade, ya nuna mutum ɗaya a sahun, wani lokaci na gefen hagu, wani lokaci na tsakiya ko na dama. Mai tambaya ba shi da ta cewa, wanda aka nuna masa shi zai je wa, ko da ya ga fuskarsa a murtuke. Akan yi wa wasu gajeren tambayoyi baki da baki nan take, a kuma ba da doguwar takarda da ambulan don a cike a gida a aiko ta gidan waya. Ta haka ake gwada waɗanda suka mayar da takarda da waɗanda aka gani a titi, aka kuwa lura cewa manya sun fi matasa mayarwa. Binciken na 2003 ya nuna masu macin sun fi sauran jama'a zurfin karatu, ra'ayinsu ya karkata hagu, kuma da dama a cikinsu ranar ce farkon fitowarsu zanga-zanga. Yaƙin dai aka fara shi ran 20 ga Maris.

Amma wannan dabara tana da sharaɗin da ba kasafai ake ambata ba: sai taron da ke tafiya a sahu, da izinin hukuma, inda mutum ba ya tsoron faɗin ra'ayinsa ga baƙon da ke riƙe da takarda. A watan nan na Oktoban 1968, kwana 25 kafin macin Landan, sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco na birnin Meziko, saura kwana goma a buɗe wasannin Olamfik a birnin. Gwamnati ta ce mamatan 'yan gommai ne, wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A irin wannan wuri babu sahun da za a ƙidaya. 'Yar jarida Elena Poniatowska sai ta bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, ta je gidajen iyayen da suka rasa 'ya'yansu, ta riƙa shiga kurkukun Lecumberri inda ake tsare da shugabannin ɗaliban tana ɗaukar maganarsu. Littafinta, La noche de Tlatelolco, ya fito a 1971. A cikinsa ta jera muryoyin ɗalibai da iyaye da ma'aikata, har da na mutanen gari da ke ganin ɗaliban su suka jawo wa kansu, kusa da sanarwar gwamnati da kanun jaridun washegari, ita kuwa ba ta sa baki ba sai kaɗan.