Damben da Ya Gudu Bakin Iyaka

Idan aka ce fim ɗin kaboyi, doki da bindiga da malafa ne ke faɗo mana a rai. Ba kasafai muke tuna dambe ba, alhali tun kafin a fara waɗannan finafinai yana can. A ƙarshen ƙarni na 19 akasarin jihohin Amurka sun haramta damben kuɗi, sai masu shirya shi suka riƙa gudu yamma, can bakin iyaka inda 'yan fashi ma ke fakewa.

A watan Fabrairun 1896, da Teksas ta hana karawar Bob Fitzsimmons da Peter Maher, Roy Bean, mai gidan giya kuma alƙalin ƙauyen Langtry, ya sa aka kafa fage a kan yashin kogin Rio Grande ta ɓangaren Meziko. Jami'an Teksas suna gaɓa suna kallo, ba yadda za su yi. Ko minti biyu ba a cika ba Maher ya sha ƙasa.

A Disambar shekarar, Wyatt Earp ya yi alƙalancin damben Fitzsimmons da Tom Sharkey a San Faransisko. Da bindiga a jikinsa ya shiga fage, sai da 'yan sanda suka karɓe. Fitzsimmons ya kayar da Sharkey, amma Earp ya ce dukan ƙasan mara ne, ya ba wanda ke kwance nasara. Jaridu suka yi masa ca, aka ce an saye shi. Wannan zargi ya bi shi har mutuwarsa a 1929, kodayake Earp ɗin da Henry Fonda ya nuna mana a My Darling Clementine a 1946 tsaf yake, ba tabo.

Nebada kuwa halasta damben ta yi. A ranar 17 ga Maris 1897 Fitzsimmons ya doke James Corbett a Carson City, Enoch Rector ya ɗauki karawar a fim mai tsawon fiye da awa ɗaya da rabi, shekara shida kafin The Great Train Robbery da ake kira uban finafinan kaboyi. Wannan ranar ce City of Bad Men na 1953 ya koma wa: Dale Robertson da 'yan fashinsa sun shigo gari, idon kowa na kan fage, nasu na kan kuɗin ƙofa.