Zama da neman aiki a Kebbi: Matsayin baƙon da ya tsallako daga Nijar a idon doka

Da zarar an kammala girbi a yankin Dosso na Jamhuriyar Nijar, matasa kan ɗauki 'yan komatsansu su nufo Najeriya ta Kamba ko Kangiwa. Wasu kan tsaya a fadamun Argungu domin aikin shinkafar rani, wasu kuma su wuce Birnin Kebbi, inda ake samunsu a aikin gini, gadi, ga-ruwa da ƙananan sana'o'i a unguwanni irin su Gesse. Mafi yawansu 'yan cin rani ne, da damina ta kama sai su koma gona. Akwai kuma waɗanda suka zo da niyyar zama, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, har Kebbi ta zame musu gida. Tun bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, matsayin waɗannan mutane ya zama abin da ya kamata a san haƙiƙaninsa.

Iyakar da ta tarar da mutane

Zirga-zirga tsakanin ƙasar Kabi da yankunan Arewa, Dandi da Zabarma ta girmi ƙasashen biyu. Tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16, ikon Kabi ya kai wasu yankunan da a yau suke cikin Nijar. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, 1904 da 1906 ne suka shata layin da ya zama iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Layin ya bar Arawan Dogon Dutsi a hannun Faransa, 'yan'uwansu na Kangiwa a hannun Ingila, ya kuma ratsa garin Dole-Kaina ya raba shi biyu.

Wannan ne ya sa baƙon da ya zo daga Gaya ko Dosso ba ya jin baƙunci a Birnin Kebbi. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Akan sauka wajen ɗan gari da ya riga zuwa, shi ya kai mutum gaban mai unguwa, ya tsaya masa wajen neman ɗaki da aiki. Sai dai shaidar mai unguwa daban, takardar hukuma daban. Doka ƙasar da mutum yake ɗauke da shaidarta take dubawa.

Abin da yarjejeniyar ECOWAS ta tanada

A ranar 29 ga Mayun 1979, shugabannin ECOWAS suka sanya hannu a Dakar kan yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga, wadda aka tsara aiwatarwa a matakai uku. Mataki na farko ya ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da sahihiyar takardar tafiya kuma ya bi ta mashigar da hukuma ta amince da ita. Mataki na biyu, na 1986, ya ba da 'yancin zama domin neman aiki da yin sa, bisa sharaɗin karɓar katin zama. Na uku, na 1990, ya ba da 'yancin kafa sana'a ko kamfani daidai da ɗan ƙasa.

Akwai togaciya guda biyu. Yarjejeniyar 1986 ba ta shafi aikin gwamnati ba, sai in dokar ƙasar ce ta ba da dama. Haka kuma kowace ƙasa ta riƙe ikon hana shigowar wanda dokokinta suka ce ba a maraba da shi.

A Najeriya, Hukumar Kula da Shige da Fice ce ke bayar da katin zaman 'yan ECOWAS, kuma tana da ofishinta na jiha a Birnin Kebbi. A watan Yulin 2019 gwamnati ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, wadda ta wajabta wa duk baƙon da ya kai shekara 18 kuma zai wuce kwana 90 ya yi rajista. Wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, ko ya zarce kwana 90 ba kati, ya saɓa ƙa'ida ko da ya shekara ashirin a unguwa.

Bayan ficewar Nijar

Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu a ranar 28 ga Janairun 2024, bayan sun kafa ƙawancen AES a Satumbar 2023.

A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaida masu tambarinta da ke hannun 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su da 'yancin shiga ba biza, da na zama, da na kafa sana'a, har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. Ƙasashen AES ma sun bayyana a Disambar 2024 cewa ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS.

Ma'anar wannan ita ce, abin da a da yake haƙƙi bisa yarjejeniya ya koma alfarma ta wucin gadi, wadda taron shugabanni zai iya janyewa. Idan hakan ta faru ba tare da wata yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai ba, ɗan Nijar zai koma sahun sauran baƙi. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, wadda za ta iya zama dandalin irin wannan sulhu.

Sahun sauran baƙi

Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba karɓar aiki a wajen mai zaman kansa sai da rubutaccen izinin shugaban hukumar, ta kuma hana shi kafa sana'a sai da izinin Ministan Harkokin Cikin Gida. Kamfanin da ke son ɗaukar baƙo sai ya nemi gurbin ma'aikatan ƙetare daga ma'aikatar, sannan baƙon ya karɓi katin zama da aiki da ake kira CERPAC. A ƙarshen 2018 aka ninka kuɗin wannan kati daga dala 1,000 zuwa dala 2,000. Tsari ne da aka yi domin injiniyoyi da manajojin manyan kamfanoni. Lebura ko mai gadi ba zai iya ɗaukarsa ba.

Izinin zaman dindindin kuwa ya fito fili ne a manufar biza da aka ƙaddamar a Fabrairun 2020, wadda ta kasa biza gida 79 a ƙarƙashin rukuni uku: gajeruwar ziyara, zaman wucin gadi da zaman dindindin. Rukunin na ƙarshe ya ƙunshi mijin ko matar ɗan Najeriya, 'yan asalin ƙasar da suka ajiye shaidar zama 'yan ƙasa, masu zuba jari mai yawa, ƙwararru na musamman da waɗanda suka yi ritaya. Babu gurbin wanda abin da ya mallaka kawai shi ne daɗewa a gari da ƙarfin damtsensa.

Inda aikin yake, da inda ƙofa take rufe

Tattalin arzikin kwarin Rima a kan shinkafa, albasa, kifi da dabbobi yake. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015, a Argungu kuma aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a 2017, ga ta Labana a babban birnin jihar. Bunƙasar noman rani ta ƙara buƙatar 'yan ƙwadago wajen dashe, yanka da sussuka. A irin waɗannan ayyuka ba a tambayar takarda. Magana ce ta baki, a biya da yamma ko bayan an gama kadada.

Sauƙin shiga yana tafe da ƙarancin kariya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 tun Yulin 2024, bai shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, bai kuma shafi aikin gona na lokaci-lokaci ko wanda ake biya gwargwadon abin da aka yi ba. Dokar ƙwadago ba ta ware baƙo daga kariyarta ba, Najeriya da Nijar kuma duk sun amince a 2009 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu, wadda ta tabbatar da haƙƙin ladan aiki har ga marar takarda. Amma wanda yake tsoron a tambaye shi kati ba kasafai yake kai ƙara ba, ko da an cinye masa guminsa.

Aikin gwamnati kuwa a rufe yake, domin ana neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Lambar shaida ta NIN, wadda banki da layin waya suke buƙata, doka ta yarda a ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, amma ba ta mayar da shi ɗan ƙasa. Batun fili ma da sarƙaƙiya: a 2017 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bajamushe Gerhard Huebner kan wani fili a Kajuru ta Jihar Kaduna, ta yanke cewa baƙo ba shi da hurumin mallakar ƙasa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978.

Lissafin kuɗi ma ya juya. A da ƙarfin naira ne ke jawo ɗan Nijar. Bayan faɗuwar darajarta daga 2023, jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, don haka abin da ɗan ƙwadago yake aikawa gida ya ragu ƙwarai ko da ladan da yake karɓa bai sauya ba.

Daga zama zuwa zama ɗan ƙasa

Haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa. Ke nan yaron da uwarsa Bakaba ce, ubansa ɗan Dosso, cikakken ɗan Najeriya ne. Wanda iyayensa da kakanninsa duka 'yan Nijar ne kuwa baƙo ne, ko da a Gesse aka yanke masa cibiya.

Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya wannan dama ba. Ƙudirin gyara wannan bambanci ya faɗi a Majalisar Tarayya a ranar 1 ga Maris ɗin 2022. Hanyar da ta rage ita ce sashe na 27: zaman shekara 15, kyawun hali, niyyar zama, iya amfanar ƙasa, da shaidar gwamnan jihar cewa al'ummar da mutum ke ciki ta karɓe shi. Shugaban ƙasa ne ke bayar da takardar. Wanda ya samu zai iya yin zaɓe, amma ba zai riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi ba sai bayan shekara goma, ba kuma zai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba. Kafin nan, yin rajistar zaɓe laifi ne a kansa, duk da cewa zargin shigo da 'yan Nijar domin kaɗa ƙuri'a yakan taso a kowace kakar siyasa.

Abin da tarihi ya nuna

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, kuma gwamnatocin yankin sun sha ɗaukar maganar a zahirinta. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa a can. A Janairun 1983, ƙasa da shekara huɗu bayan yarjejeniyar Dakar, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa izini mako biyu su fice, aka ƙiyasta mutum miliyan biyu sun bar ƙasar. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake kora a 1985, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin sunansa. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ko ɗan ƙasa bai tsira ba: a Janairun 1980 aka tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa.

Korar 1983 da ta 1985 sun zo ne a lokacin da kuɗin mai ya karye, bayan an ɗora wa baƙi laifin rikicin Maitatsine. A yau ma matsin tattalin arziki ya haɗu da matsalar tsaro. Harin Lakurawa a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwambar 2024 ya ƙara sa ido kan duk wanda ya fito daga tsallaken iyaka. A irin wannan yanayi, abin da ke raba ma'aikaci mai neman halali da wanda ake zargi shi ne takarda: shaidar shigowa ta mashiga, rajista da katin zama. Samar da ita cikin sauƙi da araha a Kamba, Kangiwa, Argungu da Birnin Kebbi nauyi ne da ke kan gwamnatin tarayya, tabbatar da makomarta kuma yana jiran abin da Abuja da Yamai za su cimma.